ZAUREN 'YAN MATA: Ranar Da Aka Ce Maɗiga Ta Faɗa

Na ga saƙonninku, na kuma ga ƙorafin masu cewa wai na yi shiru da kashi na uku na littafina, har wata ƙanwata daga Tudun Wada tana cewa in dai na raba masoyan nan biyu to ba ni ba ita. Ki kwantar da hankalinki ƙanwata, littafi yana nan tafe. Sai dai yau kam ku yi mini haƙuri, ba zancen soyayya na zo da shi ba. Wani abu ne ya faru a gidan Yayata wanda ya hana ni barci kwana da kwanaki, na kuwa yi wa kaina alkawarin sai na faɗa muku shi, domin da yawanku gobe-goben nan za ku goya naku.

Mu marubuta kun san halinmu. Da mun tashi siffanta tauraruwar labari sai mu ce fara ce doguwa, mai dara-daran idanu, ga goshi, ga dogon hanci kamar biro, ga siririyar wushirya, ga gashi har gadon baya. Na rubuta irin wannan ya fi a ƙirga, amma wallahi ban taɓa tsayawa na tambayi kaina mene ne a ƙarƙashin wannan kyakkyawar fuskar ba, sai da ɗiyar Yayata 'yar wata bakwai ta kusa suɓuce mana.

Ga yadda abin ya faru. Cikin tsananin zafin nan na bazara yarinyar ta fara gudawa da amai. Mijin Yaya ya yi tafiya Legas kan harkar kasuwancinsa, gidan daga ita sai surukarta, wadda duk muke kira Goggo. Da farko aka ce ai haƙori ne, kowane yaro da haka yake fitar da shi. Kwana biyu ana haka sai tsakar kan yarinyar ya lotsa, ya yi ɗan rami kamar an danna ƙullun fulawa da babban yatsa. Goggo ta duba ta ce maɗiga ce ta faɗa, ta aika aka karɓo wani baƙin haɗi a wajen wata tsohuwa, aka kwaɓa da mai aka lafta a tsakar kan, aka ce kwana uku zai ja maɗigar ta koma daidai.

Yaya kuwa 'yar fari ce a hannunta. Kun dai san al'adarmu ta kunyar ɗan fari, ba ta isa ta nuna damuwa a gaban surukarta ba, sunan yarinyar ma ba ta iya faɗa. Sai ta shige ɗaki ta yi kukanta, ta wanke fuska ta fito. Ranar kwana na uku da la'asar na biya gidan don in karɓi ɗinkina, na tarar da yarinyar kwance lakwas a kan tabarma. Idanunta sun zurma, leɓɓanta sun bushe, tana kuka amma ba hawaye, muryar ma kamar ta ɗan mage. Na ja Yaya gefe na ce, "Yaya, yaushe rabon da ta yi fitsari?" Ta yi shiru tana tunani, can ta ce, "Tun asuba ban canja mata ba, a bushe yake."

Gabana ya faɗi. Ni ba likita ba ce, iyakata sakandare, amma na san wannan ba lafiya ba. Na durƙusa gaban Goggo na ce, "Goggo, don girman Allah ki yi mana izini mu kai ta asibiti, ko dubawa ce a yi." Ta kalle ni sama da ƙasa ta ce, "Ke 'yar nan, 'ya'ya tara na haifa na raina bakwai, yau ke za ki koya mini ciwon maɗiga? Ai wannan ba na asibiti ba ne, allura ma ba ta so." Na ce, "Haka ne Goggo, kin fi mu sani nesa ba kusa ba. To ki zo mu tafi tare, in sun ce ba nasu ba ne sai mu dawo a ci gaba da na gida." Allah Ya taimake ni ta ɗauki mayafinta, tana tafe tana mita. Muka tari Keke Napep sai asibitin Barau Dikko.

Sistar da ta karɓe mu ta ɗan tsunkuli fatar cikin yarinyar ta saki, fatar ta tsaya a tattare kamar tsumma, da ƙyar ta koma. Ba ta ce komai ba sai ta ruga da ita ciki. Aka daɗe ana neman jijiya kafin a samu a ɗaura ƙarin ruwa. Muka kwana a zaune. To ga abin mamaki 'yan uwa, kafin hantsin washegari ramin nan na tsakar ka ya ciko da kansa, alhali tun da dare an goge baƙin maganin tas. Yarinya ta buɗe ido ta kama nono. Goggo ta kai hannu ta shafa kan, ta sake shafawa, ta ce, "Ikon Allah!"

Likitar da ta zo zagaye mace ce, ba za ta girme ni da yawa ba. Da ta ga na dame ta da tambaya sai ta zaro takarda ta zana mini ƙoƙon kai ta yi mini bayani, ni kuma da na koma gida na tono tsohon littafina na bayoloji na aji biyar na ƙara da bincike. Abin da na samo shi ne zan raba da ku.

Da yawanmu mun ɗauka ƙoƙon kai ƙashi ɗaya ne dunƙulalle kamar ƙwarya. Ashe ba haka ba ne. Ƙasusuwa 22 ne aka harhaɗa, 8 sun yi wa ƙwaƙwalwa ɗaki, 14 kuma su suka tayar da fuska. In kin taɓa ganin fasasshiyar ƙwaryar da gyartai ya ɗinke, to kusan haka mahaɗarsu take, layi ne mai zigi-zaga kamar haƙoran zarto, wannan ya shiga cikin wannan, shi ya sa ma masana suke kiran mahaɗar da sunan ɗinki.

Bari mu ƙirga guda takwas ɗin, ki sa hannu a kanki kina bi na. Na farko ƙashin goshi, wanda ya sauko har ya yi wa idanu rumfa. Sai guda biyu manya a dama da hagu da suka haɗu a tsakar ka, daidai inda mai kitso take tsaga, su ne rufin ɗakin. Sai biyu a wajen kunnuwa, waɗanda can cikinsu aka ɓoye kayan ji da na daidaita tsayuwa. Sai ƙashin ƙeya, shi kuma a ƙasansa akwai wata babbar kafa inda laka ta fito daga ƙwaƙwalwa ta gangara cikin ƙashin baya. Shida ke nan. Sauran biyun ba za ki taɓa su sosai da hannu ba don a ciki suke. Ɗaya yana shimfiɗe a daɓen ɗakin, siffarsa kamar jemage ya buɗe fikafikai, ya taɓa duk sauran bakwai ɗin. A bayansa akwai ɗan gurbi mai kama da sirdin doki, a ciki wani ɗan ƙullutu yake zaune wanda bai fi ƙwayar wake ba, amma shi yake aika umarnin girman jiki, da zuwan al'ada, da kawo ruwan nono. Na ƙarshen yana tsakanin idanu biyu a saman hanci, yana da 'yan ƙananan huji kamar rariya, ta nan jijiyoyin jin ƙamshi suke wucewa. Wato duk turaren wuta da humrar da amarya za ta sha, ta wannan rariyar labarinsu yake isa ƙwaƙwalwar ango.

To sai fuska, inda mu marubuta muke baje kolinmu. Dogon hancin nan da muke yabo, 'yan ƙasusuwa biyu ne kawai a can sama inda tabarau yake zama, sauran duk guringuntsi ne, shi ya sa kike iya lanƙwasa kan hancinki. Akwai ƙashin kunci biyu masu ba fuska fasali. Akwai muƙamuƙin sama, shi ma biyu ne suka haɗu a tsakiya, suna riƙe da haƙoran sama. Akwai biyu a can bayan ganɗa. Akwai biyu naɗaɗɗu a cikin hanci masu ɗumama iska da jiƙa ta kafin ta isa huhu, sai ɗaya siriri da ya taimaka wajen raba hancin gida biyu. Akwai kuma wasu 'yan mitsi-mitsi biyu, kowane bai fi farcen yatsa ba, a lungun ido ta wajen hanci. Ta gefensu hanyar hawaye ta bi ta zube cikin hanci, abin da ya sa ke nan in tauraruwarmu ta sha kuka sai ta yi ta jan majina, ko da yake mu ba ma rubuta wannan. Cikon na goma sha huɗu shi ne muƙamuƙin ƙasa. Ya fi duk ƙasusuwan fuska girma da ƙarfi, kuma cikin 22 ɗin nan shi kaɗai yake motsi. Da shi ake tauna, da shi ake magana, da shi kuma ake gulma, Allah Ya shirye mu.

Ban da waɗannan akwai 'yan ƙanana uku-uku a cikin kowane kunne, bayan dodon kunne, waɗanda aka sa wa suna saboda kamanninsu: guduma, da uwar maƙera, da likkafa. Likkafar nan ita ce ƙashi mafi ƙanƙanta a jikin ɗan Adam gaba ɗaya, wajen milimita 3, ƙwayar shinkafa ta fi ta tsawo. Duk daɗin kalaman da saurayi zai zuba miki a zaure, sai sun kaɗa waɗannan ukun kafin ki ji su. Don haka masu sosa kunne da tsinken ashana ko gashin kaza, a yi hattara. Sannan cikin ƙashin goshi da na muƙamuƙin sama da waɗancan biyu na ciki akwai koguna masu iska da suka buɗe zuwa hanci. Su ne suke toshewa lokacin hunturu in mura ta kama ki, ki ji goshi da kumatu sun yi nauyi, in kin sunkuya kamar kan zai faɗo.

Yanzu mu dawo kan maɗiga. Jariri ba a haifarsa da ɗinkin nan a rufe. Ƙasusuwan kansa a rarrabe suke, wata fata mai kauri da ƙarfi ce ta riƙe su, inda kusurwoyinsu ba su kai ga haɗuwa ba kuma sai a sami fili mai taushi. Filayen nan shida ne, amma biyu aka fi sani. Akwai ƙarama ta wajen ƙeya, wadda take rufewa cikin wata biyu zuwa uku. Sai babbar ta gaba, wadda muke kira maɗiga, ita kuma yawanci tana rufewa tsakanin shekara ɗaya da shekara ɗaya da rabi, wasu yaran har su doshi shekara biyu.

Hikimar Ubangiji a nan biyu ce. Ta farko, wajen haihuwa ƙasusuwan suna ɗan hawa kan juna domin kan ya samu ya wuce, ba don haka ba da uwa da ɗa sun wahala fiye da yadda ake sha. Shi ya sa za ki ga kan sabon jariri ya yi tsini ko ya karkace, cikin 'yan kwanaki kuma ya koma daidai da kansa. Ba ya bukatar a matsa shi ko a mulmula shi da tsumma mai zafi wai ana gyara masa kai. Ta biyu, ƙwaƙwalwa tana bukatar wurin girma. Ranar haihuwa nauyinta bai kai rabin kilo ba, amma kafin yaro ya shekara ta doshi kilo guda. Kewayen kan jariri wajen santimita 35 ne, a shekarar farko kaɗai yana ƙara kusan santimita 12. Da a ce ɗakin a rufe yake ruf tun farko, ina za ta sami wurin?

Saboda haka maɗiga ba ciwo ba ce, kowane ɗa da ita yake zuwa duniya. Motsin da kike gani tana yi ɗal-ɗal, bugun zuciyar yaron ne yake bayyana a wurin. Ba laifi a wanke ta, a shafa mata mai, a taje gashin a hankali, fatar da ta rufe ta ba ta fashewa don an taɓa. Likitar nan ta ce mini in ɗauke ta kamar taga ce da Allah Ya bar wa uwa a buɗe don ta riƙa leƙa lafiyar ɗanta. Lokacin dubawa shi ne sa'ad da yaro ya natsu, an zaunar da shi ko an ɗauke shi a tsaye, domin in yana kuka ko yana kwance takan ɗan taso, wannan ba komai ba ne.

In kin ga ta lotsa sosai, to ruwan jikin yaron ne ya ƙare, galibi saboda gudawa ko amai ko zazzaɓi mai zafi. Ba maɗigar ce ta jawo gudawar ba, gudawar ce ta jawo faɗawar maɗigar. Ashe kun ga shafa magani a tsakar ka daidai yake da rijiya ta ƙafe a je ana yi wa bakinta shafe. Haka masu sa yatsa a bakin yaro suna tura ganɗarsa sama wai su ɗago maɗiga, ba abin da suke ƙara masa sai rauni da ƙwayoyin cuta. Maganin shi ne a mayar da ruwan da ya fita. A ci gaba da ba da nono a kai a kai, kada a ce wai a hutar da ciki. A sayi ƙunshin gishiri da sukari na kemis, wanda ake kira ORS, a haɗa yadda aka rubuta a jiki. In babu shi a kusa, a sami tafasasshen ruwa da ya huce lita ɗaya, a zuba sukari ƙaramin cokalin shayi 6 a shafe ba tozo, da gishiri rabin ƙaramin cokali, a motsa. Kada gishirin ya wuce haka, yawansa haɗari ne. A riƙa ba yaro da cokali kaɗan-kaɗan, wanda bai kai shekara biyu ba a ba shi rubu'i zuwa rabin kofi bayan kowace gudawa. In ya yi amai a dakata minti goma a ci gaba. Abin da ya kwana ya wuni a zubar a haɗa sabo. Tun shekarar 2004 kuma Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF suka ba da shawarar a haɗa da ƙwayar zinki na kwana 10 zuwa 14. Amma in ido ya zurma, ko yaro ya kasa sha, ko ya yi laushi ba ya ko kuka, ko an ga jini a bayan gidansa, ko ya daɗe bai yi fitsari ba, to an wuce na gida, a ruga asibiti ko tsakar dare ne.

Wannan haɗin ba sabon abu ba ne. Iyayenmu sun sha jin sa a rediyo tun zamanin da marigayi Farfesa Olikoye Ransome-Kuti, likitan yara, yake ministan lafiya, daga 1985 zuwa 1992. A shekarar 2022 kuma aka shigar da rigakafin rota, ƙwayar cutar da ta fi jawo wa jarirai gudawa mai tsanani, cikin jerin rigakafin yara na ƙasar nan, ɗigawa ake yi a baki. Mai jariri ta tambaya a wajen awo.

In kuwa maɗiga ta kumbura ta yi tauri alhali yaro ba kuka yake ba, musamman in da zazzaɓi, ko jijjiga, ko yawan barci, ko ƙin nono, wannan ya fi na farko gaggawa, domin yana iya zama sanƙarau. Jariri ba lalle wuyansa ya sanƙare kamar na babba ba, wani lokaci maɗigar ce kaɗai za ta faɗa miki. Mu nan Arewa mun san sanƙarau, a annobar 1996 mutum fiye da 100,000 suka kamu a ƙasar nan, fiye da 11,000 suka riga mu gidan gaskiya. Haka in kan yaro yana ta girma fiye da kima, jijiyoyi sun fito raɗa-raɗa, idanu suna kallon ƙasa, ruwa ne yake taruwa a ciki, kuma ana yin aikinsa a manyan asibitoci irin na koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika. Ba aljanu ba ne, ba kuma baki ba. Tun kusan shekara dubu da ta wuce wani likita Musulmi na Andalus, Abul Ƙasim Az-Zahrawi, wanda ya rasu wajen 1013, ya yi bayanin wannan ciwo da na karayar ƙoƙon kai a littafinsa At-Tasrif. In kuma maɗiga ta wuce shekara biyu ba ta rufe ba, ko ta rufe tun yaro yana 'yan watanni kan kuma yana fita wata siffa, a kai a duba. Amfanin zuwa awo ke nan, tef ɗin nan da Sista take zagaya wa kan yaro ba ado ba ne.

Ina 'yan mata masu raino? Ku matso, wannan naku ne. Don Allah komai kukan ƙaninki kada ki jijjiga shi da ƙarfi don haushi. Kansa ya yi wa wuyansa nauyi, ƙwaƙwalwar tana iya bugun ƙashi jijiyoyi su tsinke, yaro ya makance ko ya nakasa ko ya mutu, ba tare da an ga ko ƙwarzane a waje ba. In ya ishe ki, ki kwantar da shi a wuri mai kyau ki kira babba. Masu cilla jariri sama suna cafewa, da masu goyo da zane sako-sako suna tsallen igiya, ku ma ku ji.

Mu manya ma ƙoƙon kanmu ba ko'ina yake da kauri ba. Ki taɓa gefen kanki, tsakanin wutsiyar ido da saman kunne. A nan ƙasusuwa huɗu suka haɗu, wurin siriri ne, kuma daidai ƙarƙashinsa wata jijiyar jini ta wuce. In aka bugu a nan jijiyar tana iya tsinkewa jini ya riƙa taruwa a ciki. Abin tsoron shi ne mutum yakan tashi ya karkaɗe jikinsa ya ce ba komai, har ya yi hira ya ci abinci, bayan 'yan sa'o'i sai ciwon kai mai tsanani, sai amai, sai barci, daga nan sai a kasa tashinsa. Don haka duk wanda ya faɗo daga babur ko bishiya ko bene, ko aka jefe shi da dutse, a sa masa ido sosai kwana guda zuwa biyu. In ya suma ko na minti ɗaya ne, ko yana ta amai, ko maganarsa ta rikice, ko wani ruwa garai-garai ko jini yana fita ta hanci ko kunne, ko kewayen idanunsa biyu ya yi baƙi, sai asibiti. Kada a toshe kunnen da auduga, kada a gasa, kada a kai wa maɗori, kuma wajen ɗaukarsa a tallafi wuya kada ya lanƙwashe. Manyanmu suna ba da labarin yadda a watan Janairun 2009, da hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa ta tilasta sa hular kwano, wasu 'yan acaɓa suka riƙa kifa ƙwarya da tukunya a ka don su tsere wa kamu. An sha dariya a lokacin, amma ƙwarya ba ta tare kwalta. Ki faɗa wa yayanki mai babur, in kuma wanda yake zuwa zance ne a kan mashin ba hula, ki ce masa in da gaske yana son ki ya tsare miki kan nan nasa. Malamai da iyaye masu ranƙwashi da mari a gefen kai, ku ma a sassauta, akwai wuraren horo da ba nan ba.

Kwananmu uku aka sallame mu. A daren ƙarshe ina zaune kusa da Goggo, sai na ga tana share hawaye da gefen mayafi. Ta ce, "'Yar nan, biyun da na rasa, duk haka suka yi. Maɗiga ta faɗa, muka shafa magani, kwana huɗu suka koma. Ashe ƙishirwa ce." Wallahi ban san lokacin da na fashe da kuka ba. Na ce, "Goggo, kwanansu ne ya ƙare, kuma a lokacin ba wanda ya faɗa muku." Ba mugunta ce ta sa ta yi abin da ta yi ba, son jikarta ne, abin da ta gada ta sani shi ta yi. Yanzu haka in kun ga yadda take tare matan layinmu a gidan suna tana koya musu cokali shida da rabin cokali, sai ku rantse tsohuwar nas ce.

Yaya ce dai har yau take cewa da ban biyo karɓar ɗinki ba fa? Na ce mata Allah ne Ya kawo ni, amma ita ma ta ɗauki darasi. Kunya ado ce ga 'ya mace, kawaici kuma tarbiyya ce, ban ce ku yar da su ba. Sai dai ran ɗa ya fi kunyar ɗan fari. In kin ga alamun nan, ki durƙusa ki yi magana da ladabi, ki nemi wanda ake jin maganarsa a gidan, ki kira maigidan a waya duk inda yake. Tsofaffinmu ba a cin su da gardama, amma in kin girmama su kin ce su zo a tafi tare, sau da yawa za su bi ki.

Ku kuma ƙannena na makaranta masu gudun ajin kimiyya wai bayoloji haddar sunaye ce, ku sake tunani. Asibitin da muka kwana sunan Dokta Barau Dikko yake ɗauke da shi, likita na farko daga Arewacin Nijeriya. A zamaninsa samun ɗan Arewa guda a wannan aiki abin labari ne, yau ga 'yar uwarmu mace da hijabinta tana zagaya gadaje, tsohuwa kamar Goggo tana sauraronta. Matanmu sun fi sakin jiki da mace 'yar uwarsu, muna bukatar irinta da yawa. Ni dai na riga na sa wa raina tauraruwar littafina na gaba likitar yara ce, kuma sai ta gama karatunta za a sha biki.

Ga 'yar tambaya kafin in ajiye alƙalami: cikin ƙasusuwa 22 na ƙoƙon kai, wanne ne kaɗai yake motsi? Wadda ta fara aiko da amsa daidai ta hannun edita, tana da kyautar kashi na uku da sa hannuna in ya fito. Wadda kuma ta karanta wannan, don Allah ta karanta wa mahaifiyarta da kakarta da maƙwabciyarta mai goyo. Allah Ya raya mana zuri'a, Ya ba marasa lafiya lafiya, Ya jiƙan waɗanda suka riga mu. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba in Allah Ya kai mu.

Taku har kullum,
Antinku ta Unguwar Rimi, Kaduna.